Watan da ke Cikin Gindin Kwalba

Ina da wani ɗan aibi, gara in faɗe shi da bakina kafin maƙwabta su riga ni. Ba na iya ganin dutse a jikin mutum in yi shiru. Sauran jama'a in sun haɗu da kai fuskarka suke dubawa, ni kuwa yatsunka nake kallo. Na taɓa gaya wa wani liman, muna tsakar musabaha, cewa aƙiƙin zobensa roba ce. Tun daga ranar, in ya zo addu'a a kan munafukai sai ya waiwayo sahun da nake.

Sunana Sallau, shekarata hamsin da biyu, ina da 'yar rumfa a layin maƙeran fari. Sana'ata ita ce bambance duwatsu masu kama da juna bayan an riga an dasa su a zobe ko sarƙa. Dutse in yana tsirara ba wuya, a auna shi, a juya bayansa, magana ta ƙare. Amma in ya shiga gidansa na zinariya, aka rufe masa baya, haƙoran zobe suka riƙe shi, to nan ne ake nemana. A biya ni, a tsane ni, a tafi.

Abin ya faru ne ranar sadakar arba'in ta surukata, Inna Hajjo, a ƙauyensu Ɗan Marke. Tsohuwar ba ta bar wata dukiya ba, sai tabarma, tasbaha, kwanuka, da zobe guda na azurfa mai jan dutse, wanda ya faɗo a rabon matata Tabawa. Na shiga cikin gida in gai da tsofaffi, na durƙusa kusa da wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a tsakar gidan. Sai Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifin Tabawa, ta kama hannun Tabawa ta ɗaga sama.

"Yawwa, ga mai sani ya zo. Sallau, gaya wa matan nan abin da marigayiya ta bar wa 'yarta. Yakutu ne ko ba yakutu ba?"

Da mai hankali ne, da ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya tashi ya kama gabansa.

Na ce, "Gindin kwalba ne, Gwaggo." Kaina a sunkuye.

Matan gidan duk suka juyo kaina.

Tabawa ta ce, "Malam, me ka ce?"

Na maimaita. Wannan ma aibi ne, amma ƙanin wancan.

Ta ce, "Akuya huɗu Inna ta sayar ta sayi zoben nan. Saurayin da ya sayar mata har rantsuwa ya yi mata. Shekara talatin da uku yana yatsanta. Kai ko taɓa shi ba ka yi ba, ko ɗaga kai ba ka yi ba. Ta ina ka sani?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ta zare zoben ta jefe ni da shi. Na kauce, don bayan duwatsu ba abin da na ƙware a kai kamar kaucewa. Zoben ya daki bakin rijiya ya faɗa ciki. Muka yi ta sauraron ƙarar saukarsa, ba mu ji ba.

Ta durƙusa bakin rijiyar ta daɗe tana leƙe. Da ta miƙe, idonta a bushe, ta ce a gaban kowa, "Shekara ashirin da biyu ina haƙuri da bakin nan. Ba zan koma gidanka ba sai zoben uwata ya dawo yatsana. Shi nake so, ba wani ba."

Washegari da hantsi wanta, Yaya Mamuda, ya ɗaura mini igiya a ƙugu. Ya riƙe ɗaya bakin da fuskar mutumin da bai gama yanke shawara ba.

An ce zurfin rijiyar gaba goma sha biyu ne. Na ƙirga arba'in na daina. Igiya ta ƙare, ni ban ƙare ba. Sai na ji ƙafata a kan matakala, na bi ta har gaban wata ƙofar tagulla. A bakinta wani aljani ne zaune, tsawonsa kamar giginyar da aka naɗe gida uku, kansa irin na raƙumi. A kowane kunne yana da ɗan kunne na zinariya mai koren dutse kamar ƙwan zabo.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, me ya sauko da kai Birnin Ƙarƙashin Rijiyoyi, inda duk abin da ya faɗa rijiya yake ƙarewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakina."

Na gaya masa labarin zoben. Ya ce, "Yana hannun Magajiyar Rijiyoyi, mai mulkin birnin nan. Mu idanunmu na wuta ne, duk ja ja ne a wurinmu, duk kore kore ne, saboda haka irinka ba ya wucewa a banza. Dokokinmu biyu ne. Baƙin ƙarfe ba ya shiga. Kuma duk wanda ya raba dutse da gidansa, za a raba shi da fatarsa."

Ya sa na zazzage aljihuna. Magagari, hantsaki, maganaɗisu, har ɗan madubina na ƙara girma, don bakinsa ƙarfe ne. Na rage daga ni sai ido da leɓe da tumbi.

Ya sunkuyo da kansa yana nuna mini 'yan kunnensa. "Na dama ubana ne ya bar mini. Na hagu matata ce ta ba ni ranar da muka cika shekara ɗari uku. Dukansu zumurrudu ne, ko kuwa?"

Na hau gwiwarsa kamar mai hawan rumbu. Na ɗora leɓena a kan na dama, na ji shi da sanyi kamar ruwan randa, kuma sanyin bai gudu ba. Na leƙa ciki, ga tsattsage da 'yan zare-zare kamar ciyawa a kududdufi. Na hagu kuwa nan da nan ya ɗauki ɗumin leɓena. Cikinsa tas, ba ko ƙwarzane, gefunansa sun dakushe. A sana'armu mai aibi shi ake yarda da shi, wanda ya cika tsabta shi ake tuhuma.

Ina iya cewa dukansu suna da kyau, kuma ba ƙarya na yi ba.

Na ce, "Na ubanka zumurrudu ne. Na matarka kwalba ce."

Hawaye guda ya gangaro ya faɗi ƙasa, wurin ya yi hayaƙi. Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya.

"Wuce, ya ɗan Adam. Allah ya haɗa ka da mai gaya maka gaskiya."

Ban ce amin ba.

Bayan ƙofar akwai gada da aka saƙa da ruɓaɓɓun igiyoyin guga, a kan wani rami marar gindi. A cikin ramin ne duk wata magana da aka taɓa faɗa wa rijiya take yawo, sirrin mata, ihun yara, zagin masu jan ruwa. A tsakiyar gadar na ji kukan Tabawa yana tasowa, wanda ba ta yi a gaban mutane ba, ashe ta yi shi a bakin rijiya bayan an watse. Igiya biyu suka tsinke a ƙarƙashina. Na ƙarasa da rarrafe.

Daga nan na shiga wani fili cike da gugunan da suka ɓace, suna tafiya kamar kunkuru, suna cizo kamar kare. Wani tsohon gugan fata ya yage mini wando. Na haye kogin kwalli a cikin ƙwarya, na fito baƙi ƙirin. Na ratsa kasuwar da ake sayar da ƙishirwa a gora, wata tsohuwa mai baki biyu ta bi ni tana yi mini ragi. Can ba dare ba rana, sai wani haske-haske kamar na ɗakin mai jego. Da na ɗaga kai sai na ga sama cike da ƙananan ramuka dubu-dubu, ashe bakunan rijiyoyin duniya ne.

Magajiya tana zaune a kan tulin 'yan kunne da warwaro wanda ya fi dalar gyaɗa tsawo. Gashinta ruwa ne, yana zuba amma ba ya jiƙa komai. A ƙafarta wata mesa ce kwance, an naɗe mata sarƙar zinariya daga wuya har wutsiya, da jajayen duwatsu arba'in.

Ta ce, "Ya kai mai baki, labarinka ya riga ka, mai tsaron ƙofata ya saki matarsa. Wazirina ya kawo mini sarƙar nan, ya ce duk arba'in ɗin yakutu ne. Zuciyata ba ta kwanta ba. In rana ta take a duniyarku, haskenta zai sauko ta rijiyoyi na ɗan lokaci. Ka tantance mini kafin ya ɗauke. In ya ɗauke ba ka gama ba, mesata ba ta karya kumallo ba."

Ba ta rufe baki ba sai ga ginshiƙan haske sun sauko ko'ina cikin birnin. Ɗaya ya faɗo daidai kan mesar.

Kallo ɗaya na yi na zargi ganet, wani jan dutse mai araha wanda ya sha sa attajirai kuka, don a cikin sarƙa kamarsa ɗaya da yakutu. Da maganaɗisuna na hannuna da aikin minti biyu ne, domin ganet yana bin maganaɗisu, yakutu ba ya bi. Amma yana can bakin ƙofa. Saura hanya ɗaya. Yakutu in ka juya shi a haske ja biyu yake nunawa, ta wannan gefe kamar zoɓo, ta wancan da ɗan ruwan manja. Ganet ja ɗaya gare shi, mai duhu kamar tsohon jini, ko ta ina ka ɓullo masa.

To amma wa zai juya mesa? Sai na juya kaina. Ku ƙaddara magidanci mai shekara hamsin da biyu, da yagaggen wando, yana birgima a gefen maciji, ya kwanta rigingine, ya kifa ciki, ya karkace wuya. Goma, ganet. Ashirin, ganet. Haske ya fara janyewa daga wutsiya. Talatin da tara, ganet. Na ƙarshe yana ƙarƙashin haɓarta, sai da na cusa kaina har harshenta yana lasar kunnena. Zoɓo ta nan, manja ta can.

Na ce, "Ranki ya daɗe, guda ɗaya ne yakutu. Shi ne na wajen maƙogwaro, inda ake fara dubawa."

Haske ya ɗauke. Aka ja waziri ta ƙafa aka fita da shi yana kiran sunayen 'ya'yansa. Ban tambayi inda aka kai shi ba. A rumfata ma ban taɓa tambayar inda mutane suke zuwa ba bayan na gama da su.

Magajiya ta miƙo mini hannunta. A yatsanta akwai wani shuɗin dutse, bayansa a rufe. Ba ta tambaye ni komai ba, miƙo hannun kawai ta yi, kamar mai son a gaishe ta. Na roƙi ƙwaryar ruwa, na tsoma yatsan nata a ciki, na leƙa ta gefe. Ga wani siririn layi ya raba dutsen biyu daidai inda zinariya ta rungume shi.

Na ce, "Samansa dutse ne na gaske, ƙasansa kwalba. An manne su da ƙaro."

Ta yi dariya har tulin 'yan kunnen ya zube ta gefe guda.

"Na sani, ya ɗan Adam. Shekara dubu da na sani. Ƙanwata ce ta ba ni, kuma ta rasu. So nake in ga ko za ka iya yin shiru."

Ta tafa hannu. Aka kawo faifai, a kansa zobba biyu na azurfa masu jan dutse. Iri ɗaya sak. Zubin azurfar ɗaya, lanƙwasar ɗaya, har haƙori guda da ya karkace ta hagu, aikin hannun da bai gama koyo ba.

Ta ce, "Ɗaya shi ne ya faɗo jiya. Ɗayan maƙerana ne suka kwaikwaya yau, suka dasa masa yakutun da babu irinsa a bayan ƙasa. Ladanka ke nan, ka ɗauki guda. Ɗayan zai zauna nan har a tashi duniya, kuma rijiyar da ka sauko ta ciki za ta rufe a bayanka."

Wannan ba jarrabawa ba ce a wurina. Na huro musu numfashi, tururin ya gushe a kan ɗaya nan take, ya ɗan daɗe a kan ɗayan. Kuma a cikin na biyun, can ƙasa ta gefen dama, akwai 'yar kumfa zagayayya, iskar da ta maƙale tun ranar da aka narka kwalbar. Ba sai na nema ba, na san inda take.

Sai dabara ta zo mini, kuma ban taɓa yin dabarar da ta burge ni kamarta ba. In kai wa Tabawa yakutun, in durƙusa gaban Gwaggo Dije da dukan matan Ɗan Marke in ce na yi kuskure, idona ne ya tsufa. A kai shi duk inda ake so a gwada. Inna Hajjo ta fita kunya, akuyoyinta huɗu ba su tafi a banza ba, ni in sha zagi in koma gida da matata. Karo na farko a rayuwata zan yi ƙarya don alheri.

Na ɗauki yakutun.

Magajiya ta ce, "Shi aka aiko ka ka ɗauko?"

Na ce, "Ya fi wanda aka aiko ni."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Amma jeka."

Ta hura mini iska, sai na ji ni rataye a igiya, Yaya Mamuda yana ja yana tsaki. A duniya azahar ce kawai ta yi. Ina dafa bakin rijiya na ji wani gurnani a ƙasa, yashi ya taso ya cike ta har wuya.

Na yi duk yadda na tsara. Na durƙusa, na ce na yi kuskure, na ce yakutu ne na gaske. Gwaggo Dije ta rangaɗa guɗa, ta ce dama ita ta sani, ido ne ya yi wa wasu yawa. Mata suka yi ta Allah wadai da ni, ina karɓa hannu biyu.

Tabawa ta miƙo hannu. Ta karɓi zoben, ta je bakin zaure inda rana take, ta ɗaga shi saitin idonta. Ta juya shi. Ta sake juyawa. Ta goge shi da bakin mayafi ta sake dubawa.

Ta ce, "Ina watan?"

"Wane wata?"

"Ina da shekara tara na yi baƙon dauro, aka rufe ni a ɗaki kwana goma sha biyu. Inna takan sa mini zoben nan a ido ta ce, duba, ga wata nan na kamo miki, ba sai kin fita ba. Wani ɗan zagaye ne, can ƙasa ta dama. Ranar da ta rasu ma na gan shi. Ina yake?"

Na ce, "Tabawa, wannan aibi ne. Kumfa ce. Yakutu ba ya..."

"Ina zoben uwata, Malam?"

"Wannan zai sayi gidan nan da gonakin Yaya Mamuda, har da..."

"Ka gan shi a can?"

Da na ce ban gan shi ba, da wataƙila yau tana ɗakinta. Ƙarya ɗaya ce tak ta rage mini in yi. Amma na riga na kashe rabona na shekarar.

Na ce, "Na gan shi."

"Ka bar shi."

"Na bar shi."

Ta kamo hannuna, ta buɗe tafin, ta ajiye yakutun a ciki, ta naɗe mini yatsuna a kai ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa mabaraci. Ta shige ɗakin Inna ta saki labule.

Wata bakwai ke nan. Na ɗauko mahaƙa sau biyu, sun yi gaba ashirin ba su samu komai ba sai yashi da rabin tulu. Na aika dattawa biko sau uku, amsar ba ta canza ba. Yakutun yana cikin gwangwanin madara a rumfata. Na gwada sayarwa sau ɗaya, mai sayen ya dubi karkataccen haƙorin ya ce ba mai hankalin da zai dasa dutsen kirki a irin wannan shirme, ya taya shi kuɗin azurfar.

Har yau Tabawa ba ta sami amsar tambayarta ta farko ba, wato ta ina na sani ban ko ɗaga kai ba. Ni na ƙera zoben, ina da shekara goma sha tara. Kwalbar ta man zafi ce. Akuyoyin, biyu jajaye ne, biyu baƙaƙe.